Masu Gida a Rukuni na Biyu

Na san a cikin malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai ba za a rasa wanda zai ce, me ya kawo zancen tamaula cikin mujallar Ƙungiyar Hausa, inda aka saba ganin nazarin waƙa da tarihin sarauta? To, hujjata ita ce, a garinmu Rano yaron da ba zai iya jera maka sarakunan Kano uku na kafin jihadi ba, shi ne zai jera maka 'yan wasan Kano Pillars goma sha ɗaya bai ko numfasa ba. Abin da ya shiga zukatan mutane har haka ya zama tarihinsu, ko mun so ko mun ƙi. Kuma ni ba tarihin kofuna ya fi damuna ba. Wannan kowa ya haddace shi. Abin da nake so mu duba shi ne ƙasan tsani, watau rukuni na biyu, inda ƙungiya ke zuwa ko dai ta yi jinya ta tashi, ko kuma ta mutu ba wanda ya ji.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Pillars a wannan rukuni ba sai a 2022. Ranar da faɗuwarta ta tabbata, a watan Yuli na shekarar, ina Kibiya wurin kawuna, yayan mahaifiyata. Ni da sauran samari muka yi jugum kamar an yi mana rasuwa. Shi kuwa tsohon ko a jikinsa. Ya ce da mu, "Ku yara ne. Ni na ga wadda ta fi wannan ta faɗi, kuma ba ta tashi ba." Wannan magana ce ta sa na fara bin diddigin abin da zan kawo a nan.

Wadda kawu yake nufi ita ce Raccah Rovers. Amma kafin mu zo gare ta, ya kamata mai karatu ya san cewa sunan Kano a fagen ƙwallo ya girme ta. A 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, wanda daga baya aka riƙa kira Kofin Ƙalubale. Shekara takwas ƙungiyoyin Ikko ne kawai suke karɓa-karɓa da shi a tsakaninsu, irin su ta ma'aikatan jirgin ƙasa da ta ma'aikatan jirgin ruwa. A 1953 ne 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, kofin ya bar Ikko karo na farko. Da shekara ta zagayo suka sake kaiwa wasan ƙarshe, sai Kalaba ta yi galaba a kansu. A lura da wani abu tun daga nan: yawancin ƙungiyoyin farko na ma'aikatu ne da kamfanoni. Ɗan wasa ma'aikaci ne da safe, ɗan ƙwallo da la'asar. Albashinsa ba daga kuɗin ƙofa yake fitowa ba.

A 1972 aka soma gasar ƙasa ta jerin maki, Mighty Jets ta Jos ta cinye ta farko. Shekara shida bayan haka, a 1978, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka. Sunan da ƙungiyar ta ɗauka suna ne da Kanawa suka daɗe da sani a cinikin gyaɗa, domin Saul Raccah, Bayahude mutumin Tarabulus, yana cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano zamanin Turawa. Mu mutanen kudancin Kano wannan ya shafe mu, don kuwa gyaɗar da aka yi dala da ita a birni, daga gonakin kakanninmu wani kaso nata ya fito, a bayan jakuna da akori-kura. Abin mamaki shi ne, lokacin da sunan Raccah ya yi tashe a filin wasa, ita gyaɗar ta riga ta durƙushe. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun gama da dalar.

Shekarar 1978 ɗin nan ba ƙaramar shekara ba ce ga Raccah Rovers. A watan Afrilu ƙungiyar Fluminense ta Barazil ta zo Nijeriya, ta kara da Raccah a Kaduna, kuma Pele, wanda ya riga ya aje takalma a 1977, ya sa rigar Fluminense ya buga a wannan wasa. Baƙin suka ci 2 da 1. Kawu a rediyo ya ji wasan, amma in yana ba da labarin sai ka rantse a gefen fili yake tsaye. A 1979 Raccah ta wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka, har ta fitar da Simba ta Tanzaniya, wadda a zagayen baya ta rama ci huɗu da ci biyar a kan Mufulira Wanderers ta Zambiya. Ka ji irin ƙungiyar da ake magana. Amma da aka zo buɗe gasar ƙwararru a 1990, shekara goma sha biyu kacal bayan ta zama zakara, babu sunanta a cikin jerin. Yau ko a Sabon Gari ka tsayar da matashi ka ce masa Raccah Rovers, sai ya zaci sunan mota kake faɗa.

Ba ita kaɗai wannan ƙaddara ta faɗa wa ba. Leventis United ta Badun ta taso daga rukuni na uku, ta hau na biyu, ta hau na ɗaya, ta cinye gasar a 1986. Abiola Babes ta Abekuta ta ɗauki Kofin Ƙalubale sau biyu. Kafin shekarun 1980 su ƙare duk biyun an watsa su. Lokaci ne da tattalin arziki ya karye, gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube, kamfanoni suka shiga rage ma'aikata. Wanda yake sallamar akawu, ina zai iya ciyar da mai tsaron gida? Ƙungiyar da ke rataye a wuyan mutum ɗaya ko kamfani ɗaya, ranar da ya gaji ranar ta mutu.

A cikin wannan hali aka haifi Kano Pillars a 1990. Ba daga sama ta faɗo ba. Ƙananan ƙungiyoyi uku aka narka aka yi ta: WRECA, da Kano Golden Stars, da ta Bankin Arewa. A nan nake so in ɗan daɗe, domin a ganina waɗannan uku su ne ainihin tarihin ƙananan ƙungiyoyi a ƙasar Kano, kuma su ne ba a ambata sai a layi ɗaya a wuce.

WRECA hukumar ruwa ce ta jihar Kano, mai kula da madatsun ruwa da rijiyoyi da famfo. Mu a yankinmu ba baƙon suna ba ne. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana nan kusa da mu, mutanen Rurum ma a bakinta suke. Kawu ya yi lebura a wurin yana saurayi, kuma ya ce kowace la'asar in an tashi daga aiki, leburori da direbobi da kanikawa sukan share fili su buga ƙwallo ba takalmi. Daga irin wannan ƙasa ƙungiyoyin ma'aikatu suke tsirowa. Shi kuwa Bankin Arewa, hedkwatarsa a Kano take, dogon benen nan da ake hangowa daga nesa. A 2006 aka haɗe shi da wasu bankuna aka yi Unity Bank, sunansa ya bi sawun ƙungiyarsa. Golden Stars kuwa sunanta bai mutu ba. Bayan an yanki Jigawa daga Kano a 1991, sai ga Jigawa Golden Stars a Dutse, ƙungiyar da ta sha hawa da sauka. Ta hau babban rukuni a 2019, ta sauko a 2021, kuma ko a lokacin da take sama, wasanninta na gida a garin wasu take yin su, don rashin filin da hukuma ta amince da shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka rayuwar ƙaramar ƙungiya: tana da gari amma ba ta da gida.

Da aka haɗa ukun, sai nauyin ya koma kan gwamnatin jiha. Wannan shi ne ya raba Pillars da Raccah. Gwamnati ba ta karyewa kamar ɗan kasuwa. Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Ƙungiyar gwamnati shugabanninta naɗa su ake yi, in gwamna ya canza su ma sai su canza, kuma kuɗinta sai ya bi ta ofis-ofis kafin ya iso hannun ɗan wasa.

Zamanin ɗaukakar Pillars ba sai na ja shi ba. Tun a 1991 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta. Ta cinye gasar ƙasa a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, sannan sau uku a jere, 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar'uwarta Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A kakar 2009 zuwa 2010 Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18, ya wuce 17 ɗin da Ishaya Jatau ya ci a 1990. Shekara goma sha biyu ba wanda ya zo Kano ya ci ta a gasar ƙasa, sai Nasarawa United a 2015. Daga nan kirarin "Sai Masu Gida" ya samu gindin zama. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka fara kai ni filin Sani Abacha a Ƙofar Mata. Muka taso daga Rano da hantsi, muka bi ta Bunkure muka ɓulla Karfi, a cunkushe cikin bas kamar buhunan masara. Na tuna an nuna mini marina a kusa da filin, aka ce ai Kano da Rano su ne sarakunan baba a cikin Hausa Bakwai. Ni dai hankalina yana kan riguna masu ruwan ɗorawa.

Ko a kwanakin daɗin akwai abin da ya kamata ya tsorata mu. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka tare motar ƙungiyar a wajen Abaji, tana kan hanyar Owerri, suka harbi 'yan wasa biyar, ciki har da Gambo Muhammad. Allah ya yi da sauran kwana. In zakarar ƙasa sau uku a jere haka take tafiya a kan titi, sai mai karatu ya auna yadda ƙananan suke yi. A 2018 kuma, a Asaba, Pillars tana gaba da ci uku ba ko ɗaya a wasan ƙarshe na kofin ƙasa, Rangers ta Inugu ta farke duka, ta kuma cinye a bugun fenareti. A 2019 ne aka share hawaye, aka doke Niger Tornadoes a Kaduna, shi ma da fenareti.

Sai 2022. A nan dole in faɗi abin da ba zai yi wa 'yan'uwana magoya baya daɗi ba. Ba a cikin fili kaɗai Pillars ta faɗi ba, mu ma da hannunmu a ciki. Ƙungiyar ta daɗe tana wasanninta na gida a Kaduna. A watan Afrilu aka dawo da ita Ƙofar Mata, za ta kara da maƙwabciyarta Katsina United. Ana dab da tashi babu wanda ya ci, sai 'yan kallo suka ɓalle, wasa ya tsaya, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta zaftare maki uku, ta ci tarar naira miliyan tara, ta kuma kore mu zuwa Abuja. Ba a gama jinyar wannan ba, a watan Yuni aka sake hukunta ƙungiyar saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarta da Dakkada, kuma wannan karon ba 'yan kallo aka kama da laifin ba, shugaban ƙungiyar ne da kansa. Da kaka ta ƙare, huɗu suka sauka: Pillars, da Katsina United, da Heartland, da MFM ta Ikko. Watau da wanda aka fasa wa mota da wanda ya fasa, rami ɗaya suka faɗa. Mun ɗauki kirarin Masu Gida mun fassara shi da cewa baƙo ba shi da ikon ci, har ma ba shi da ikon kunnen doki. Alhali a al'adar Bahaushe maigida shi ke kare baƙonsa.

To, mene ne rukuni na biyu? Tsarin ƙwallon Nijeriya hawa-hawa ne. A sama akwai babban rukuni mai ƙungiya ashirin. Ƙarƙashinsa akwai gasar NNL, wadda ake rabawa shiyyar arewa da ta kudu don rage wahalar tafiya. Ƙarƙashinta kuma akwai gasar NLO ta 'yan sha'awa, mai tarin ƙungiyoyi. A takarda NNL gasar ƙwararru ce, watau ɗan wasa da ƙwallo yake cin abinci. A zahiri kuwa nan ne ake bin albashi wata da watanni, nan ne ake kwana a hanya a sauka a shiga fili, nan ne ba talabijin balle a ga abin da alƙali ya yi, shi ya sa cin wasa a waje yake da wuya kamar haƙoran kaza. A nan ne za ka tarar da sunaye irin su Sokoto United da Kebbi United da Zamfara United, har da Mighty Jets, zakarar 1972, wadda ta daɗe tana fama a ƙasa. Akwai kuma wata al'ada ta sayen gurbi, inda mai kuɗi zai sayi matsayin ƙungiyar da ta gaza, ya canza mata suna, ya ɗauke ta ya kai garinsu. Mutanen garin farko sai dai su wayi gari su ji ba su da ƙungiya.

Pillars ba ta daɗe a can ba. A 2023, a hannun mai horarwa Evans Ogenyi, da tsohon kyaftin Rabi'u Ali, wanda shi ma Pele ake kiransa, ta fito daga shiyyarta ta je wasannin ƙungiyoyi takwas da aka yi a Asaba, ta samu hawa tare da Heartland da Katsina United da Sporting Lagos. Uku daga cikin huɗun da suka sauka su ne suka koma. Wadda ba ta koma ba ita ce MFM, mallakar wani coci. Mu samari muka ce zuciya ce. Kawu ya ce baitulmali ne: dukkan ukun na gwamnatocin jihohi ne. Na yi masa musu a lokacin, amma yanzu na fi karkata ga ra'ayinsa, ko da yake ba zan raina Rabi'u Ali ba, mutumin da ya isa ya yi ritaya da mutuncinsa amma ya bi ƙungiyar har ƙasa.

A wannan shekara ta 2023 wata ƙungiya a Ingila ita ma ta fito daga rami. Notts County, wadda aka kafa a 1862, ta faɗo daga rukunoni huɗun ƙwararru a 2019, ta yi shekara huɗu a na biyar, sannan ta dawo. Ba gwamna a bayanta. Akwai kuma AFC Wimbledon, wadda magoya baya suka kafa da kansu a 2002 bayan an amince a ɗauke ƙungiyarsu a kai wani gari. Suka fara daga rukuni na tara, a 2011 suka shiga sahun ƙwararru. Ban kawo waɗannan don in ce komai na Turawa daidai ne ba, su ma ƙungiyoyinsu suna karyewa da bashi. Abin da ya ja hankalina shi ne, can mutanen gari suna ɗaukar ƙungiya tasu ce, suna biyan kuɗin ƙofa ko tana rukuni na nawa. Mu kuwa a Rano gidan kallo ya fi filin makaranta cika. Mukan biya mu ga Arsenal da Barcelona, amma in 'yan unguwa suka zo da kwanon karo-karo don sayen ƙwallo, sai kowa ya shiga lalube aljihu.

Ni ma na buga wa wata ƙungiyar unguwa a Kibiya, baya nake tsarewa. Gabanin wani zaɓe wani ɗan takara ya kawo mana riguna da hotonsa a ƙirji, ya yi alkawarin zai yi mana rajista a gasar 'yan sha'awa. Muka canza sunan ƙungiyar zuwa nasa. Bayan zaɓe ko wayarmu bai ƙara ɗauka ba. Rigunan suka koɗe, mai tsaron gidanmu ya tafi Ikko acaba, wanda ya fi mu iya ƙwallo yana sayar da rake a tasha. Yankin da ya samu masarauta a 2019, aka rushe ta a 2024, aka sake kafa ta a shekarar a matsayi na biyu da Rano da Bunkure da Kibiya, an yi ta muhawara a kan darajar sandarsa. Ban ji an yi rabin wannan muhawara a kan inda samarinsa za su buga ƙwallo ba.

Saboda haka ne nake kallon Barau FC da ido biyu. Ƙungiya ce sabuwa, ta Sanata Barau Jibrin, wadda ta ratsa rukuni na biyu cikin hanzari, ta samu hawa a 2025 a Asaba tare da Wikki Tourists da Warri Wolves da Kun Khalifat. Ta haka Kano ta shiga kakar 2025 zuwa 2026 da ƙungiya biyu a babban rukuni. Ido ɗaya yana murna, don yaran ƙauye sun samu ƙofa ta biyu. Ɗaya idon kuwa yana tuna Abiola Babes. A ɓangaren Pillars, Ahmed Musa ya dawo gida a 2024, aka naɗa shi babban manaja a 2025, muka ce an huta. Sai ga watan Oktoba na 2025, Shooting Stars ta Badun ta farke ci ana dab da tashi a Ƙofar Mata, 'yan kallo suka sake afkawa cikin fili, aka sake zaftare maki uku, aka tura mu Katsina, garin da muka fasa wa mota.

Da na je hutu na ba kawu wannan labari, yana zaune a zaure yana gyaran tsohuwar rediyonsa. Bai ce komai a kai ba. Sai ya tambaye ni ko a jami'a akwai inda aka aje hoton 'yan wasan Raccah na 1978, don yana so ya nuna mini wani mai buga lamba bakwai da har yanzu yake tuna gudunsa, amma sunan ya ɓace masa. Na yi masa alkawarin zan duba a ɗakin tsofaffin jaridu in mun koma.